Kazar da Ta Ba da Shaida

Shekaranjiya da hantsi wasu samari uku suka tsaya a ƙofar shagona da ke bakin kasuwar Birnin Kudu, kowa da waya a hannu, wai fim suke yi. Ɗaya ya faɗi, ɗaya ya bi shi da tsintsiya, na ukun yana ɗauka yana dariya har hoton yana rawa. Kafin in shanye kokona sun gama, har sun watsa wa duniya. Da babbansu ya ga ina kallonsu sai ya ce, "Baba Sule, ai sana'arku ta mutu. Yanzu ko akuya ka ba waya za ta yi fim." Na ce masa gaskiyarsa, kuma daga abin da na gani, akuyar za ta fi su tsayar da hoto. Suka yi dariya, ni ma na yi, don ba na jin haushinsu. Amma don su da irinsu na zauna rubuta wannan.

A Kano na koyi aikin, wajen wani mai ɗaukar bidiyon biki da muke ce wa Oga. Shekara guda cur bai bar ni na leƙa idon kyamara ba. Aikina naɗe waya, ɗaukar batir, da goge kan bidiyo da auduga da sifirit. Kyamarar lokacin a kafaɗa ake ɗora ta, babban kaset take haɗiyewa, idan ka yini da ita ka kwana kana jin kamar an sa ka dakon hatsi. Oga ba shi da yawan magana, amma akwai abin da yake maimaita mini har na gaji da ji. Kaset ɗin da ya fito daga cikin kyamara kafin a tace shi, wanda muke kira ɗanyen kaset, kada ka kuskura ka ɗora wani aiki a kansa sai shekara ta zagayo. Na tambaye shi dalili sau ɗaya, ya ce idan na girma zan sani.

Aikina na farko bayan na dawo gida da tsohuwar kyamarar da ya sallame ni da ita, saukar karatu ce a wata Islamiyya a Gwaram. Na isa tun ana shimfiɗa tabarmi. Na nemi farar hular wani dattijo na nuna wa kyamara, don idan ba ka nuna mata fari ta gane ba, duk jama'a za su fito shuɗaye kamar an tsoma su a baba. Batir ɗina biyu ne, kowanne ba ya kai awa guda, saboda haka dole in san lokacin da zan kunna da lokacin da zan kashe. Idan mai jawabi ya ce "a taƙaice", sai in kashe, don na san yanzu ya fara. Na ɗauki ɗalibai, na ɗauki alluna, na ɗauki malamai, na dawo ina jin kaina. Bayan kwana uku aka dawo mini da kaset, wai babu kawun shugaban makaranta a ciki, mutumin da ya taso tun daga Bauci. A ranar na gane cewa mai ɗaukar biki ba kyau yake nema ba tukuna, dangi yake ƙirgawa. Tun daga nan duk taron da na je, sai na fara samun tsohuwar gidan ta faɗa mini wanda idan aka bar shi za a yi shekara ana gaba.

Tacewa kuwa, wato haɗa hotunan su zama labari, wannan da kuke yi da ɗan yatsa kuna tafiya, mu da bidiyo biyu muke yin ta. Ɗaya yana nuna ɗanyen kaset, ɗaya yana kwafa a sabo, kai kuma kana tsakiya da yatsa a kan madannin tsayarwa. Ka makara da ƙiftawar ido, ka kwaso tarin wani. Ka yi gaggawa, ka yanke wa liman fatiha. Babu komawa baya ka gyara tsakiya, idan ka ɓata sai ka sake daga inda ka ɓata har ƙarshe. Da damina kuma fumfuna ta kama kaset, ka zauna kana warware shi da hannu kana sharewa a hankali. Na so aikin nan, har yau ina son sa, kuma shi ya ciyar da gidana. Sau ɗaya ne kawai ya kusa rushe gidan wani, kuma gidan aminina ne.

Sunansa Haladu, tela ne, shagonsa jikin nawa, tare muka taso tun muna zuwa kiwo. Muna da wani benci a gindin dalbejiyar da ke tsakanin shagunanmu, kullum bayan la'asar nan za ka same mu. Haladu mutum ne da idan bai yi ƙorafi ba abinci ba ya faɗa masa. Masu kawo yadi ana jibi salla, allurar da ta karye, maƙwabcin da ya ari almakashi. Idan ya gama da kasuwa sai ya shiga gida. Matarsa Rabi malamar firamare ce, 'yar Maruta ta ƙasar Gwaram, mace mai natsuwa da ilimi, 'ya'yansu biyu a lokacin. Ba faɗa suke yi ba. Ƙorafinsa shi ne ya dawo da labari a bakinsa, ya tarar tana duba littattafan yara da jan biro, yana magana tana cewa "uhm" ba ta ɗago ba. Makon jarrabawa tuwo sai ya makara. Ran nan ya rubuta wa yayansa wasiƙa, ta karɓa ta gyara masa wuri huɗu.

Wata rana ya ce, "Sule, ka san ni ban gama makaranta ba. Wani lokaci ina kallonta sai in ce, anya matar nan so na take yi, ko haƙuri kawai take yi da ni?"

Na ce, "Kai dai ka cika neman magana. Tashi ka tafi gida."

Lokacin kaset ɗin finafinan Hausa sun fara cika gari daga Kano, duk gidan kallo ya cika maƙil. Na ce a raina, kyamara gare ni, bidiyo biyu gare ni, me zai hana mu yi namu? Ba mu da manyan gidaje da motoci, saboda haka na ce mu yi abin da muke da shi, wato maza biyu a kan benci suna kukan duniya. Na sayi littafin rubutu na zauna tsara labari, sai na ga ashe ba sai na ƙirƙiri komai ba. Duk abin da Haladu ya taɓa faɗa mini a gindin dalbejiya na kwashe na zuba, har jan biron, har wasiƙar, har maganar haƙuri. Na mayar da shi mai faci, na sa masa suna Tanko, matar kuma Asabe. A labarin, takaicin yau da gobe zai taru wa Tanko, wata safiya ya saki matarsa a kan abin da bai kai ya kawo ba, sauran fim ɗin kuma nadama ce da biko, abokinsa yana ta kai da kawo. Na sa wa fim ɗin suna Bencin La'asar. Da Haladu ya karanta sai ya yi dariya ya ce, "Ɓarawo, ka sace ni." Amma ya yarda zai fito a Tanko, don a ganinsa tunda an canja suna babu mai ganewa. Ni na fito a abokin, in kafa kyamara a kan ƙafarta in kunna, in zagayo in zauna.

Matsalar ita ce mace. Babu uban da zai bar 'yarsa ta tsaya a gaban jama'a wani ƙato yana kiranta matarsa, babu mijin da zai yarda. Mun yi wata guda muna nema. Ni ne na kawo dabarar da nake ganin ta fi ta kowa. Rabi ta yi wasan kwaikwayo a makarantar horon malamai, kuma wanda zai fito a mijinta ai mijinta ne na sunna. Ina haramci a nan? Muka tafi Maruta wajen mahaifinta, Alhaji Buba, manomi ne mai faɗa a ji a garinsu. Ya saurare mu ya ce, "Tunda mijinta ne, ni me zan ce?" Muka dawo muna yaba wa kanmu wayo. Ba mu tambayi malami ko ɗaya ba, ga su kuwa a kowace unguwa. Mun gudu ne ba mu tsira ba.

Fitowar sakin a tsakar gidan Haladu muka ɗauke ta, da hantsi, bayan an gama girbi, lokacin da rana take faɗowa a kan bangon ɗakin girki ta haska fuska ba tare da ta kashe ido ba. Da yake gidan aure ne ba mu shigo da kowa ba, mu uku ne kawai. Makirufo a igiyar shanya na ɗaure shi. Batir ɗaya ya rage mini, shi ma ya fara ƙifta ido. Rabi tana zaune a kujera 'yar tsugunno da littattafai a cinya, ita shafukan fitowarta kawai na ba ta, ba ta san abin da muka faɗa a benci ba. Haladu ya ja ni gefe ya ce, "Sule, ba za a canja maganar nan ba? Ko in yi fushi in fita kawai?"

Na ce, "Haba, ai wasa ne. Tanko ne yake faɗa wa Asabe. Kai ina ruwanka?"

Ya shiga. Ya tambayi hularsa, ta ce "uhm". Ya sake tambaya, ta nuna da biro ba ta ɗago ba. Ya tsaya a kanta ya ce, "Tashi ki tafi gidanku, na sake ki." Ta ɗago ta dube shi, mayafinta ya zame daga kafaɗa. Ban taɓa ɗaukar abu mai kyau kamar wannan ba, kafin nan da bayan nan. Sai dai daidai lokacin wata kazar Rabi mai wake-wake ta shigo ta bayansu, ta tsaya jikin turmi, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta yi tsattsaga sau ɗaya, ta wuce abinta. Na kashe kyamara na ce a sake, kaza ta ɓata mini hoto. Haladu ya ce, "Wallahi ba zan ƙara ba. Bakina har ɗaci yake yi." Na roƙe shi, na yi masa gori, ya ɗauki hularsa ta gaske ya fice. Haka na haƙura da kazar ina jin haushinta.

Wata biyar na yi ina tace fim ɗin tsakanin ayyukan biki. Da na zo wajen nadamar Tanko sai na ga hotunan da na ɗauka ba su isa ba. Na tuna dabarar da nake gani a finafinai, inda mutum zai yi tagumi a nuno abin da yake tunawa. Na ɗauki farin bango na ɗan saka kamar walƙiya, na tariyo fitowar sakin na sake kwafa ta. Ta yi kyau. Can gaba, inda yake zaune shi kaɗai a bakin titi, na ƙara saka ta. A cikin watannin nan kuma wani bikin gaggawa ya taso a Unguwar Ya, ba ni da sabon kaset, Kano kuwa ba nan kusa ba. Na ɗauki ɗanyen kaset ɗin tsakar gidan Haladu na juya shi a hannu. Na riga na kwafe abin da nake so, Oga kuma ba ya nan balle ya gani. Na ɗora bikin a kansa.

Fim ya fita gab da faɗuwar ruwa, kuma ya karɓu fiye da yadda muka zata. A gidajen kallon Birnin Kudu da Gwaram maza suna fitowa suna cewa wallahi kamar a gidansu aka ɗauka. 'Yan acaɓa suka riƙa ce wa juna "uhm" idan ba sa son amsa magana. Mako biyu muna cikin wannan daɗi. Ranar wata Lahadi Alhaji Buba ya sauka a ƙofar gidan Haladu da mota a-kori-kura. Wani ne ya je ya ce masa surukinsa ya saki 'yarsa a talabijin. Ya je gidan maƙwabcinsa mai bidiyo ya zauna ya kalla da carbi a hannu, duk inda aka furta ya ja ɗaya. Ya ja uku. Kowa ya san ba a wasa da saki, ko da wasa ka furta ya hau. Kowa kuma ya san saki uku babu kome, sai ta auri wani. Ya kwashe 'yarsa da jikokinsa da kayan ɗakinta, har kajinta, ya tafi da su Maruta.

Muka bi shi washegari. Na rantse masa sau ɗaya aka faɗa, sauran biyun aikin hannuna ne. Haladu ya rantse, Rabi ma ta faɗa daga cikin gida. Alhaji ya ce, "Ku ukun nan duk bakinku ɗaya, kowa yana da abin da yake karewa. Ni idona ya gani, kunnena ya ji, sau uku. Kana cewa akwai kaset na asali, to kawo shi." Na sunkuyar da kai. A nan na girma, na san dalilin Oga.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Haladu bai zage ni ba, da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Bencin kawai ya ɗauka ya shigar cikin shagonsa ya ɗora yadika a kai. Muna haɗuwa a masallaci mu gaisa kamar baƙi. Ya rame, ɗinkinsa ya lalace, har ya taɓa haɗa wa wani riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ni kuma gari ya ɗauka cewa kyamarar Sule tsinke igiyar aure take yi. Bukukuwa uku da aka riga aka yi magana da ni duk aka aiko cewa an fasa ɗauka. Na rufe shago na koma gonar mahaifina a Unguwar Ya ina noman gero da riɗi, hannun da ya saba da madanni ya yi kanta. Ban ga laifin kowa ba, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yara biyu suna Maruta suna tambayar yaushe za a koma gida.

Wata ranar da ruwa ya hana zuwa gona na buɗe shago don in share fumfunar kaset. Na saka fim ɗin don in ga ko ya kamu, ba don ina son ganinsa ba. Fitowar ta zo, kazar ta shigo, na yi tsaki kamar kullum. Ta zo karo na biyu, na sake tsaki. A karo na uku tsakin ya maƙale mini. Na tariyo, na sake kallo, na tariyo. Na fita cikin ruwan nan ko takalmi ban saka ba, na faɗa shagon Haladu na ce, "Tashi ka zo ka ga kazarku."

Alhaji Buba ya yarda a zauna, amma ya ce sai a gaban Malam Yahuza na Gwaram, tsohon malamin da ya ɗaura auren tun farko, wanda duk yankin ba a ja da fatawarsa. Muka ɗauki talabijin da bidiyo da janareta a mota muka kai zauren Alhaji bayan azahar. Na ja waya mai tsawo na kai janareta bayan rumbu don kada ƙara ta hana ji, na rataya bargo a ƙofa don haske. Malam bai taɓa zama gaban talabijin ba, ya ce yau ma don gyaran aure ya zauna. Na nuna fitowar farko na tsayar.

Na ce, "Allah gafarta Malam, kada a dubi mutanen. A dubi bayan turmi."

Na nuna ta biyu, na nuna ta uku. Alhaji ya ce, "To, kaza ce. Gidan da kaji ai dole kaza ta wuce." Malam ya ɗaga masa hannu, ya matso har gemunsa ya kusa taɓa gilashi, ya ce in sake. Na sake har sau huɗu. Yana nunawa da yatsa yana cewa, "Ta tsaya. Ta ɗaga ta hagu. Ta sara ɗaya. Mayafi ya zame." Kowane karo haka, ba ragi ba ƙari. Ya koma ya zauna ya yi murmushi.

Ya ce, "Alhaji, mutum yana iya maimaita magana sau uku iri ɗaya idan an umarce shi. Kaza ba ta karɓar umarni. Sau ɗaya aka yi wannan abu."

Haladu ya kifa kai a gwiwa. Amma Malam bai gama ba. Ya ce malamai sun yi saɓani a kan wanda ya furta saki yana kwaikwayon wani, akwai masu cewa bai hau ba. Sai dai shi ba zai bar gidan Musulmi a kan shakka ba, tunda matarsa ce ya duba ya faɗa wa. Ya ƙirga ɗaya. Kuma tunda watanni sun wuce, idda ta cika ba tare da ya yi niyyar kome ba, to sai an ɗaura sabon aure, da sabon sadaki, da yardarta. Ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma mai inji, magana zarar bunu ce. Gobe idan za ku yi wasa da abin da shari'a ta rataya a harshe, ku fara tambaya."

Alhaji ya ɗaga murya ta ƙofar cikin gida ya ce, "Rabi, kin ji. A ɗaura ranar Juma'a?"

Duk mun ɗauka an gama. Sai muka ji muryarta daga bayan ƙofa, a natse kamar tana kiran sunayen 'yan aji. Ta ce, "Baba, a dakata tukuna. Sakin na san wasa ne, ina wurin. Amma na kalli fim ɗin nan daga farko har ƙarshe. Jan biron nawa ne, wasiƙar ma na gane ta. Maganar da aka yi a benci ba wasa ba ce. Ya ce bai sani ba ko haƙuri nake yi da shi. To yanzu babu igiyarsa a kaina. Idan yana son ya sani, ya zo ya tambaya kamar kowa." Sannan ta ce, "Malam Sule, kai kuma abin da aboki ya faɗa maka a benci amana ce, ba kayan haya ba." Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma na cancance ta.

Haka Haladu, da furfura ta fara leƙo masa a gemu, ya koma zuwa zance. Mai zuwa zance kuwa ba ya tafiya shi kaɗai, ga shi duk duniya ba shi da wani abokin rakiya sai ni. Ranar Juma'a ya leƙo shagona cikin shadda mai guga yana ƙamshin turare, bai dube ni ba ya ce, "Babur ɗinka yana da mai?" Muka kama hanyar Gwaram, ruwa ya cika ramuka, yana bayana yana ƙorafin tuƙina. Da na ji ya fara ƙorafi na san na samu abokina.

Juma'ar farko ta aiko cewa tana duba littattafai. Muka yi sallar magariba a Maruta muka juyo. Ta biyu ta fito ta gaishe mu ta koma. Ta uku suka zauna a tabarma a ƙofar zaure suka daɗe, ni kuwa na koma can jikin rumbu inda ba na jin komai, don na koyi darasi. Ta huɗu ce da za mu tafi ta rako shi, ta faɗa da ƙarfin da zan ji, ina ganin da gangan. Ta ce, "Maigida, mai haƙuri idan aka buɗe masa ƙofa fita yake yi. Ni an buɗe mini wata uku ke nan, ga ni tsaye. Ka je ka gaya wa Baba ya sa rana." Haladu ya hau babur, har muka iso Birnin Kudu babu ƙorafi ko ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba.

Ni na ɗauki ɗaurin auren, da sabon kaset fil, kuma ɗanyensa yana cikin akwatina har yau, shekara ta zagayo ta sake zagayowa ban taɓa shi ba. Da za a yi wa baƙi girki wata daga cikin dangi ta kamo kazar mai wake-wake za a yanka, Rabi ta fito da lallenta ta ƙwace ta. Kazar nan tsufa ne ya kashe ta. Da kaka ta yi, mutanen da suka guje ni suka dawo, har ana cewa a kira Sule, kyamararsa ko auren da ya mutu tana tayarwa. Na yi shekaru ina aiki bayan nan, daga kaset na koma faifai, daga faifai na koma ɗaukar hoton fasfo da nake yi yanzu. Ban ƙara yin fim ba, guda ɗayan ya ishe ni. Bencin ya dawo gindin dalbejiya, an canja masa ƙafa sau biyu. Malama Rabi ta yi ritaya, sun ƙara 'ya'ya uku, kuma ƙorafin Haladu yanzu shi ne ba ta barinsa ya yi shiru, duk abin da ya faɗa sai ta ajiye abin da take yi ta ce ya ƙaro bayani.

Samarin nan da na fara da su, ashe sun san fim ɗin, wani ya juye shi a waya yana yawo a gari, wai sunansa tsohon fim mai daraja. Jiya bayan la'asar suka dawo suka same mu a benci ni da Haladu. Babban nasu ya zauna a ƙasa da ladabi ya ce yana son ya gyara mana shi kyauta, ya ƙara haske, ya cire ƙarar iska. Na ce Allah ya yi albarka. Sai ya ƙara da cewa, "Kuma Baba, akwai wata kaza da take ɓata wajen da ya fi kyau, har sau uku. Yanzu akwai yadda ake yi, minti biyu na goge ta kamar ba a taɓa yin ta ba."

Haladu ya ajiye kofin shayinsa a hankali. Ya dubi yaron.

Ya ce, "Ɗana, ka goge Sule idan kana so. Ka goge ni ma. Amma kazar nan ka bar ta inda take, 'ya'yana uku a bayanta suka shigo duniya."